Kafin Ka Sayi Injin Sassaƙar Ƙarfe, Fara Sayen Ma'auni

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamun Ɗan Isa, ko a gaɓar Gulbin Gagare da na Bunsuru, ya san irin tashin hankalin da manomi kan shiga ranar da injin ban ruwansa ya tsaya. Albasa ta soma ƙwai, tumatir ya yi fure, rana ta buɗe, ga ruwa a gulbi amma babu abin ɗaga shi. Makaniki ya kwance injin, ya ce sandar da ke juya farfela ce ta cinye a daidai mazaunin boris. Wurin da ya lalace bai kai faɗin ɗan yatsa ba, amma idan ba a gyara shi cikin kwana uku ko huɗu ba, wahalar wata biyu ta tafi a banza.

Gyaran ba gagara ya yi ba. Mai walda zai cike wurin da ya cinye, sannan a ɗora sandar a kan injin sassaƙar ƙarfe, a rage ta har ta koma kaurinta na asali. Matsalar ita ce inda injin yake. Sau da yawa sai an nufi Gusau, tafiyar da ta haura kilomita 50 daga Ƙauran Namoda, wani lokaci ma har Kano ko Kaduna. Mutanen Zurmi da Shinkafi kuwa ba sai an gaya musu abin da hawa hanya yake nufi a 'yan shekarun nan ba. Kowa na tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a Jihar Zamfara. A irin wannan hali ne ake gane cewa garin da ba zai iya gyara abin da yake ci da shi ba, a hannun wasu numfashinsa yake.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ya kammala difloma a fannin injiniya ya zo mini da shawara. An raba gadon mahaifinsa, yana son ya zuba kasonsa a wannan sana'a. Ya nuna mini hoton wani ɗan ƙaramin inji a wayarsa, sabo fil, sai ƙyalli yake yi, mai sayarwa kuma ya rubuta cewa babu kamarsa wajen aiki na ƙeƙe-da-ƙeƙe. Tambayarsa ita ce: ya tura kuɗi? Na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, domin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, kowace shekara tana yaye matasa irinsa, aikin gwamnati kuma ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Amsar da na ba shi ce nake son in shimfiɗa a nan, ko wani zai amfana.

Mene ne aikin, kuma me ake nufi da daidaito?

Masassaƙin turmi yakan kafe icce wuri ɗaya, shi ya riƙa zagaya shi da gizago. Injin sassaƙar ƙarfe akasin haka yake yi: yana riƙe ƙarfen yana juya shi, wata 'yar wuƙa mai tauri kuma tana bin jikinsa tana feƙe shi kaɗan-kaɗan. Da shi ake yin sanda, da bushi, da fulin bel, da kusa mai zare da notinta. Injin niƙa, injin casar shinkafa, babur, kurar shanu, famfon tuƙa-tuƙa, babu wanda ba ya buƙatar abin da ya fito daga bakinsa.

Amma a wannan sana'a “ya yi daidai” ba magana ce ta ido ba, magana ce ta lamba. Mu ɗauki boris mai lamba 6205, wanda ake yawan samu a ƙananan injuna. Faɗin raminsa milimita 25 ne. Domin ya zauna daram, dole kaurin sandar ya kasance tsakanin kimanin milimita 25.002 da 25.015. Idan ya gaza haka, boris zai riƙa wasa, ya sake cinye wurin cikin 'yan makonni. Idan ya zarce, sai an doka shi da guduma, ya matse, ya yi zafi, ya mutu. Tazarar da aka yarje wa mai aiki ke nan, milimita 0.013, alhali kaurin gashin kan mutum yana kai kimanin 0.07. Wato kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi ba shi ne tsakanin gyara da ɓarna.

Wanda ya fahimci wannan ya san cewa kalmar da mai talla ya rubuta a jikin kwali ba hujja ba ce. Baturen Ingila Henry Maudslay, wanda ya kyautata injin yanka zare a wajejen 1800, bai tsaya ga injin kaɗai ba. Ya ƙera wani ma'auni mai iya gane kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, ya ajiye shi a ma'aikatarsa, ya kuma laƙaba masa sunan babban alƙalin ƙasarsu, domin duk gardamar da ta tashi a kan awo, hukuncinsa ne na ƙarshe. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, shi ne a 1841 ya fito da tsarin zare na bai-ɗaya, yadda notin da aka yi a wani gari zai hau kusar da aka yi a wani. Darasin a bayyane yake: inji yana yanka ne kawai, ma'auni ne ke faɗin gaskiya.

Aikinka ne zai zaɓa maka inji

Kuskure na farko shi ne mutum ya fara da tambayar “wane inji ne ya fi kyau?” Tambayar da ta dace ita ce “wane aiki za a riƙa kawo mini?” Na shawarci yaron nan da ya ɗauki littafi da biro ya yi mako biyu yana zagaya makanikai da masu injin niƙa, ya je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya rubuta duk abin da suka ce suna kai wa nesa, da tsawonsa da kaurinsa. Daga nan ne lambobi uku za su fito: faɗin abu mafi girma da injin zai iya juyawa, tsawon abin da zai iya ɗauka, da faɗin ramin da ya ratsa mazarinsa, wato sandar da ke juya aikin.

Ƙananan injunan China da suka cika intanet, irin wanda ya nuna mini, galibi suna juya abu mai faɗin milimita 180, tsawon 300 zuwa 350, ramin mazarinsu kuma milimita 20 ne. Ke nan sandar nan tamu mai milimita 25 ba za ta ratsa ba, doguwar sandar injin niƙa kuwa ko hawa ba za ta yi ba. Ba wai injunan ba su da amfani ba ne. Ga mai gyaran keken ɗinki, ko mai yin ƙananan bushi na tagulla, ko makarantar da ke son koya wa yara, sun isa. Amma wanda zai ci abinci da manoma da masu niƙa yana buƙatar wanda zai juya aƙalla milimita 250 zuwa 300, mai tsawon da ya kai 600 zuwa mita guda, da rami mai milimita 35 ko fiye.

Abu na biyu shi ne nauyi. Lokacin da wuƙa ta kama ƙarfe, ƙarfen ma ture ta yake yi. Idan jikin injin ba shi da ƙwari, zai ɗan lanƙwashe ya yi rawa, a ji yana kuka, a ga jikin aikin ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Ƙaramin injin China bai fi kilo 40 zuwa 50 ba, mutum biyu sun ɗaga shi. Tsohon Colchester Student na Ingila, wanda aka yi domin makarantu da ƙananan ma'aikatu, ya haura rabin tan. Wannan nauyi na ƙarfen zubi shi ne ke shanye girgiza. A wannan fage, injin da ka iya ɗorawa a bayan babur ya riga ya gaya maka iyakarsa.

Na uku shi ne gudu, kuma a nan mutane da yawa kan ruɗu, su ɗauka mai saurin juyi shi ne gwani. Gwargwadon faɗin abu, gwargwadon yadda ake rage masa gudu. Sandar ƙarfe mai milimita 25 tana son juyi 350 zuwa 400 a minti idan da wuƙar gama-gari ake aiki, amma fulin ƙarfen zubi mai milimita 150 bai son fiye da 40 zuwa 50. Injin da ke rage gudu ta hanyar giya ƙarfinsa ƙaruwa yake yi idan ya sassauta. Wanda ke ragewa ta hanyar maɓallin lantarki kawai kuwa, da ya sassauta sai ya rasa kuzari, wuƙa na kamawa ya tsaya cak.

Na huɗu shi ne zare. Kusoshin babura da injunan da ke hannunmu na tsarin milimita ne, amma zaren bututun ruwa na tsarin inci ne: 14 a kowane inci ga bututun rabin inci, 11 ga mai inci ɗaya zuwa sama. Mai aiki a ƙasar noman rani dole ya iya yanka duka biyun. Tsofaffin injunan Ingila da Amurka da yawa na inci ne, kuma ba sa yanka zaren milimita daidai sai da wata giya mai haƙora 127, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, idan aka ninka sau biyar kuma 127 zai bayar. Saboda haka a ƙirga giyoyin canji ɗaya bayan ɗaya kafin a biya. Inji marar cikakkun giyoyi rabin inji ne, neman su daga baya kuma wahala ce.

Sabo ko tsoho?

Da a ce abubuwa sun tafi yadda aka tsara, da wannan tambaya ba ta taso ba. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin ƙera irin waɗannan injuna a Oshogbo tare da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya. Duk da haka, har yau akasarin abin da ke kasuwa daga waje yake zuwa: ko dai sabo daga China da Indiya, ko na hannu daga Turai, ko kuma wanda aka kwanto daga masaƙu da masana'antun da suka durƙushe a Kano da Kaduna. Mai nema yakan fara cigiya ne daga wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Kowanne da ladansa da la'adarsa. Tsohon inji mai suna, irin su Colchester, Harrison, Boxford, ko Myford ML7 da aka fara yi a 1946, an gina shi da ƙarfe na gaske, amma shekaru sun bi ta kansa, kuma suna ba ya hana tsufa. Sabo bai cinye ba, sai dai wani tun daga ma'aikata ba a daidaita shi ba, giyoyin wasu ma na roba ne. Fenti kuma bai shaida komai ba, domin gwangwani ɗaya ya isa ya mayar da tsohuwa amarya. Abin da ya rage shi ne gwaji, kuma gani ya kori ji.

Ga gwaji huɗu da bai kamata a tsallake ko ɗaya ba. Na farko, a ɗora agogon awo, wato ma'aunin nan mai allura, a kan hancin mazari, a juya shi da hannu. Idan allurar ta yi lilo fiye da milimita 0.01 zuwa 0.02, akwai magana. A kuma sa sanda a ɗan ɗaga mazarin sama, a ga ko boris ɗinsa na wasa. Na biyu, a duba gadon injin, wato dogayen layukan da sirdin da ke ɗauke da wuƙa yake zamewa a kai. Yawancin aiki kusa da kai ake yin sa, don haka nan ne ke fara cinyewa. A kawo sirdin kusa da kai, a ɗan ɗaure makullinsa yadda zai iya motsi da ƙyar, sannan a tura shi zuwa wutsiya. Idan ya cije a hanya, gadon ya yi kwari, kuma gyaran gado aiki ne da sau da yawa ya fi kuɗin injin. Na uku, a kunna shi a bi kowace giya, a saurara, a buɗe murfi a nemi karyayyen haƙori. Na huɗu, wanda ya fi duka, a ɗaura sanda mai kaurin milimita 30, a bar 150 a waje ba tare da tokari ba, a yi mata yanka marar zurfi, a auna bakinta da gindinta. Idan bambancin bai wuce 0.02 ba, injin na da sauran rai.

Mai sayarwar da ya ce babu wuta, ko ya ce “ai ka ga da idonka, lafiyarsa lau”, a ce masa za a kawo janareta. Idan ya ƙi, a yi masa sallama. Tura kuɗin gado saboda hoton waya cinikin biri a sama ne.

Wuta, ƙura da zafi

Injin da ya yi aiki lafiya a Turai ba lallai ne ya ji daɗin Zurmi ba. Manyan tsofaffin injuna galibi wuta mai layi uku suke ci, abin da ba kowane shago ke da shi ba. Ana iya canja musu mota zuwa mai layi ɗaya, ko a sa na'urar da ke mayar da layi ɗaya uku, amma a sa kuɗin wannan a lissafi tun farko. Mota kuma tana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, don haka janaretan ya kamata ya ninka ƙarfinta sau biyu zuwa uku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk wanda bai lissafa kuɗin mai a cikin farashin aikinsa ba, yana yi wa mai gidan mai bauta ne. Su kuma ƙananan injuna masu allon lantarki, hawa da saukar wutarmu na saurin ƙona allon, wanda zai gyara shi kuma ba a kowane gari yake ba. Motar gargajiya mai bel, ko a Ƙaura akwai masu sake mata naɗi.

Sai ƙura. Idan hunturu ya shigo, ƙurar da ta sauka a kan gado mai maiƙo takan zama tamkar magagari, tana cin ƙarfen a hankali duk lokacin da sirdi ya wuce. Shago ya zama mai rufi da ƙofa, a goge gadon a sa sabon mai kowace safiya, a lulluɓe injin idan an tashi, dutsen wasa wuƙa kuma a kai shi can nesa. A kafa injin a kan daɓen siminti mai kauri, a daidaita ƙafafunsa, domin gadon da aka ɗaure a karkace murɗewa yake yi, ya riƙa fitar da sanda mai kai da gindi ba ɗaya ba.

Zafi ma yana da nasa. Ƙarfe na buɗewa idan ya ɗumama. Sanda mai milimita 25 da yanka ya sa ta fi ma'auni zafi da digiri 40 takan ƙaru da kimanin milimita 0.011, kusan duk tazarar nan da muka ambata. Wanda ya auna ta da zafinta zai ga ta yi daidai, idan ta huce boris ya faɗa sululu. Magani ba kuɗi ba ne, haƙuri ne: a bari ta huce, a auna, sannan a yi yankan ƙarshe.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

A ra'ayina, wanda ya zuba duk jarinsa a inji ya yi kuskure, ko da injin na ƙwarai ne. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku ya kamata a ware domin kayan awo da na aiki: maikiromita biyu, ta sifili zuwa 25 da ta 25 zuwa 50, agogon awo da mazauninsa, baniya, wuƙaƙe, da dutsen wasa su. Baniya kaɗai ba ta isa aikin mazaunin boris ba. Haka nan mariƙi mai baki uku, wanda ke kama aiki da sauri, yakan kauce wa tsakiya da milimita 0.05 ko fiye. Mai baki huɗu, wanda ake saita kowane baki daban da taimakon agogon awo, shi ne abokin mai son daidaito. Gwani da matsakaicin inji da ma'auni nagari zai yi aikin da ɗan koyo ba zai yi da injin Suwizalan ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a saye da kuɗi. Na farko kiyaye rai: wannan inji bai san mai shi ba. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, rawani, carbi a wuya, safar hannu, duk abin da ya kama sai ya naɗe har da mai shi. A sa tabarau, kada kuma a taɓa barin makulli a jikin mariƙi. Na biyu kiyaye mutunci. A yankin da makami ya zama annoba, mai irin wannan inji dole ya san wanda yake yi wa aiki da abin da yake yi masa. Ya ajiye littafin da yake rubuta kowane aiki, ya sanar da mai unguwa da hukuma abin da yake yi, abin da bai gane kansa ba kuma ya ce a kai kasuwa. Kuɗin da zai jawo zubar da jinin maƙwabci ba riba ba ne.

Ina kuma kira ga hukumomin kwalejinmu ta Ƙaura, da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, da ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, da su dubi wannan fanni. Ba sai an jira babbar masana'anta ba. Gajeren horo ga makanikai a kan awo, da malami guda da zai raka matashi ya gwada masa inji kafin ya biya, za su ceci jarin mutane da yawa. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga. Abin kunya ne a ce bayan kusan shekara ɗari, har yanzu ɗanyen kaya muke fitarwa, ƙaramar sanda kuma sai mun sa rai a hanya kafin a rage mana ita.

Shi dai ɗan ƙanen nawa bai tura kuɗin ba. Ya sayi maikiromita da agogon awo, ya koma wurin wani dattijon mai wannan sana'a a Gusau domin ya yi wata shida yana koyon abin da allo bai koya masa ba. Ya riga ya duba injuna biyu ya bar su, ɗaya gadonsa ya cinye, ɗaya babu giyoyi. Mahaifiyarsa na ganin ya cika jinkiri. Ni kuwa ina ganin ranar da ya juya wa inji na farko baya, da hujjar lamba a hannunsa, ranar ce ya shiga sana'ar.

Allah Ya ba matasanmu sana'a mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.